Zaɓen Risibar Tashoshin Kyauta: Abin da Ba a Rubutawa a Jikin Kwali

Tambayar da aka fi yi wa mai sayar da risiba, a kasuwar Sabon Gari ta Kano ne ko a Alaba ta Legas, ita ce, "Me take buɗewa?" Mai shago ya san abin da ake son ji, sai ya shiga jero tashoshin ƙwallo da na finafinai, ya nuna tambarin da aka manna a jikin kwali, ya ce akwai akawun na shekara guda a ciki. Magidancin da burinsa kawai ya ajiye wa iyali abin kallo yana iya gamsuwa da wannan, na ɗan lokaci. Amma wanda harkar dish ta shiga ransa, mutumin da zai hau rufi da sifana a aljihu don ya gani ko tauraron ɗan'adam da ke can gabas yana sauka a unguwarsu, wannan tambayar ba za ta kai shi ko'ina ba. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne me risibar take iya nemowa da kanta, kuma idan ta nemo ɗin, tana iya fitar da hoto da murya ko a'a. A kan wannan ma'aunin nake ganin ya kamata a yi zaɓi, kuma shi ne ma'aunin da kasuwa ta fi ɓoyewa.

Tashar kyauta ita ce wadda masu ita suka watso ta a buɗe, ba makulli, ba kati, ba kuɗin wata. Haka tashoshin Saudiyya masu nuna Harami na Makka da na Madina suke, haka Al Jazeera take, haka ɗimbin tashoshin Larabawa a tauraron Nilesat da ke digiri 7 yamma da Badr na Arabsat da ke digiri 26 gabas. A digiri 28.2 gabas akwai tashoshin Ghana na MultiTV, irin su Adom TV da Joy Prime. Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta wannan hanyar ta shiga gidajen mutane, kafin tashoshin Hausa na wa'azi da na labarai da na nishaɗi su yawaita a sama. Duk wannan halal ne, masu tashoshin suna so a kalla.

Akawun ɗin da ake talla da shi wani abu ne dabam. Risibar tana shiga intanet, ta karɓo mabuɗin tashoshin kuɗi daga wata saba, wato babbar kwamfuta, da ba wanda ya san inda take, ta buɗe abin da ba a biya masu shi ba. Wannan ɗaukar haƙƙin mutane ne, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta hana karya makullin da mai abu ya sa wa abinsa. Ko an ajiye batun doka, ciniki ne mara kyau. Wani kaso na kuɗin da ka biya na akawun ne, ranar da sabar ta mutu ko masu tashar suka sauya makulli, abin da ya rage a hannunka akwati ne mai rauni wanda aka tsuke kuɗin ƙera shi. Haka batun BISS da PowerVu, tsarin kulle ne da aka yi domin gidajen talabijin su riƙa aika wa juna shirye-shirye. Tashar da aka kulle da su ba ta kyauta ba ce, ko da lambobin suna yawo a wayoyin mutane. Na tsaya a kan wannan ne saboda shi ya lalata yadda muke auna risiba, har aka kai ana kiran risiba mai kyau "ta mutu" don kawai akawun ɗinta ya ƙare.

Kafin a zo kan akwatin ma, akwai gaskiyar da mai shago ba zai faɗa ba saboda ba ta kawo masa ciniki: mafi yawan abin da ake ɗora wa risiba laifin dish ne. Taurarin nan suna kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, abin da ke isowa ƙasa ɗan mitsitsi ne, faɗin dish ne ke tara shi. Ana auna ƙarfin sigina da ma'aunin dB. Idan ka tashi daga dish mai santimita 60 zuwa mai 90, ka ƙaru da wajen 3.5 dB. Daga 90 zuwa 120 ka ƙaru da wajen 2.5. Idan ka ninka faɗin, ka samu 6. Da wuya bambancin da ke tsakanin risibobi biyu na zamani ɗaya ya kai ko kusa da haka. Saboda haka wanda tasharsa ke daskarewa da zarar hadari ya haɗu a watan Agusta, idan yana da kuɗin abu ɗaya ne kawai, ya ƙara girman dish, ya bar risibarsa.

Inda muke zaune ma yana da nasa hukuncin. Kano tana kusan digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Tauraron da ke daidai saitinmu, kamar waɗanda ke digiri 7 da 9 gabas, yana sama da kai sosai, kusan digiri 76 daga ƙasa. Nilesat yana wajen 67, na digiri 28.2 gabas yana wajen 63, shi kuwa Intelsat 20 da ke 68.5 gabas ya sauko har wajen 21, inda bishiyar maƙwabci ko bene ke iya tare shi. Murɗa LNB kuma, wato 'yar na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina, a nan ba ɗan kaɗan ba ne irin na Turai. A kan 28.2 gabas murɗin ya kusa digiri 58, a kan 68.5 ya haura 70. Mutum yakan ga bidiyon wani Bature yana saiti, ya kwaikwaya, ya rasa rabin tashoshi, ya ce risiba ce ba ta da ƙarfi. Sannan kowane tauraro yana da yankin da ya haska. Kasancewar tasha a jerin wani tauraro ba ya nufin tana sauka a Maraɗi ko Zariya, domin tauraro ɗaya yana iya haska Turai da wani sashe, ya haska Afirka ta Yamma da wani. Ba risibar da za ta kamo abin da ba a turo wajenka ba.

To idan dish ya zauna daidai, me ya rage wa risiba? Aiki biyu ne, kuma sassa biyu ne ke yin su. Tiyuna ce ke karɓar siginar da ta sauko ta waya, tsakanin 950 zuwa 2150 MHz, ta warware ta zuwa bayanai. Ƙwaƙwalwar risiba kuma ta mayar da bayanan hoto da murya. Kowanne yana iya gazawa shi kaɗai, kuma alamar gazawarsu ta bambanta. Idan tiyuna ce ta kasa, ba za ka ga kwaliti, wato ma'aunin ingancin sigina, ba sam, kamar babu komai a wurin. Idan ƙwaƙwalwa ce, za ka ga kwaliti ya cika, sunan tasha ya fito, amma allo baƙi, ko murya ba hoto, ko hoto ba murya. Wanda ya riƙe wannan bambancin ya huta da yawan kai kaya wajen mai gyara.

Ta ɓangaren tiyuna, tsarin watsawa na farko shi ne DVB-S na tsakiyar shekarun 1990, wanda tsofaffin risibobin Strong da suka cika gidajenmu suke aiki da shi. A 2005 aka fito da DVB-S2, mai ɗaukar kaya fiye da na farko da kusan kashi 30 cikin 100 a fili ɗaya, shi ya sa masu tashoshi suka yi ta komawa kansa don rage kuɗin haya. A 2014 aka ƙara DVB-S2X. Yau duk risibar da ba ta da S2 ba abin saye ba ce ko kyauta aka ba ka, sai dai don ajiye tarihi. S2X kuwa har yanzu tashoshin gida ƙalilan ne ke kansa, amma mai farautar sigina zai so ya same shi. A cikin S2 ɗin ma akwai matakai. Tashar da aka watso da QPSK 3/4 tana buɗewa da sigina mai wajen 4 dB, amma mai 8PSK 3/4 tana neman kusan 8. Wannan ne dalilin da za ka ga a tauraro ɗaya, da dish ɗaya, wasu tashoshi suna tafiya lafiya wasu suna kakkaryewa. Akwai kuma 16APSK da 32APSK, waɗanda ƙananan risibobi da yawa ba sa kamawa. Sai tsarin da ake cusa rukunin tashoshi da dama a mitar watsawa ɗaya, wanda ake rubuta shi MIS, da kuma T2-MI da wasu ƙasashe ke amfani da shi wajen aika tashoshinsu zuwa turakun watsawa na ƙasa. Risibar da ba ta san su ba za ta wuce su kamar babu.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, hoto ya bi matakai uku: MPEG-2, sai H.264 na 2003 wanda 'yan kasuwa ke kira MPEG-4, sai HEVC ko H.265 na 2013, wanda ke ɗaukar hoto iri ɗaya a kusan rabin filin da H.264 ke ci. A nan ne aka fi yaudarar mai saye. Ƙananan risibobin nan masu araha, waɗanda yawancinsu ke ɗauke da ƙwaƙwalwar GX6605S ko dangin Sunplus 1506, an rubuta "Full HD" a jikinsu kuma gaskiya ne, amma da yawansu a H.264 suka tsaya. GX6605S ba ta karanta HEVC. Wasu kuma suna karanta HEVC mai 8-bit, su gaza a kan mai 10-bit. Kalmar "4K" a kwali ita ma sai an bincika, don wani lokaci ba ta nufin komai illa ado. Batun murya ma haka: AC3 da E-AC3 na kamfanin Dolby ne, mai ƙera akwati mai son rage kuɗi yakan tsallake su, sai ka samu tasha tana motsi shiru.

Yanzu ga abin da ya raba risibar mai sha'awa da ta mai kallo kawai, wato abin da ake rubutawa Blind Scan a menu, binciken lalube. Bincike na yau da kullum yana bin jerin mitocin da aka riga aka zuba wa risiba tun daga masana'anta. Jerin nan yana tsufa tun kaya na cikin jirgin ruwa, saboda tashoshi suna ƙaura kullum. Lalube kuwa ba ya tambayar jeri. Tiyuna ce ke bin fili daga farko zuwa ƙarshe, a zangon mitocin da ake kira Ku daga 10700 zuwa 12750 MHz, a siginar da aka watso a tsaye da wadda aka watso a kwance, duk inda ta ji motsi ta tsaya ta gano mitar da gudun siginar da kanta. Kusan kowace risiba yau tana da wannan rubutun a menu, amma ba kowace ce ke yin aikin da gaske ba. Wata tana gamawa cikin minti biyu ta kawo manyan mitoci kawai. Wata tana ɗaukar lokaci amma ta tsinto har ƙananan. Wata ma jerin cikinta take bi, ta kira shi lalube.

Wurin da ake gane gwanar shi ne ƙananan sigina. Manyan rukunonin tashoshi suna gudu a 27500 ko 30000, kowace risiba tana ganin su. Amma ƙaramar tashar da ta kama haya ita kaɗai, kamar gidan talabijin na wata jiha ko na wata ƙasa maƙwabciya, tana iya zama a 2000 ko 1500, wata ma ƙasa da 1000. Haka siginar wucin gadi da motar watsa labarai ke aikawa daga filin wasa ko wurin taro zuwa hedikwata, wadda masu harkar ke kira fid. Takan bayyana na awa biyu ko uku ta ɓace, ba ta cikin kowane jeri. Ka zauna ranar Asabar da la'asar ka sa lalube, ka ga sandar bincike tana tafiya, ta tsaya cak a wata mitar da jiya babu komai, sai ga suna ya fito wanda ba sunan tasha ba ne, haruffa ne da lambobi. Ka danna, ka ga filin wasa tun ba a fara ba, mai kyamara yana gwada zuƙowa, wani yana ƙirga ɗaya biyu uku a makirufo. Wannan ne daɗin harkar, kuma risibar da ba ta iya lalube da sauri ba za ta taɓa nuna maka shi ba, domin kafin ta gama zagaye an tashi daga taron. Da yawan irin waɗannan a kulle suke, sai a wuce su. Wasu kuma a buɗe suke amma da tsarin launi na 4:2:2 na ƙwararru, wanda kusan duk risibobin gida ba sa nunawa, sai an tura su kwamfuta.

Abu na biyu da mai sha'awa zai duba shi ne yadda risiba ke nuna sigina. Kashi cikin ɗari da ake gani a allo ba ma'auni ba ne na gaskiya, kowane kamfani da yadda ya tsara nasa. Kashi 70 a wannan akwatin yana iya zama 45 a wancan, a kan waya ɗaya. Na sha jin ana cewa wance ta fi wance ƙarfi saboda ta nuna 90, alhali ba abin da hakan ya tabbatar. Risibar da ke nuna dB ita ce ke gaya maka gaskiya, da ita za ka san saura nawa tasha ta yanke, ka kuma san ko murɗin da ka yi wa LNB ya ƙara ko ya rage. Sannan sandar sigina ta riƙa motsi nan take. Idan tana jinkirin daƙiƙa biyu ko uku, kana kan rufi kana juya dish a hankali za ka wuce tauraron kafin ta farga.

Mai sha'awa ba ya tsayawa a tauraro ɗaya, don haka DiSEqC, tsarin da risiba ke sauyawa tsakanin taurari da shi, ya zama dole. Kamfanin Eutelsat ne ya tsara shi. Na 1.0 yana sauya tsakanin LNB huɗu, na 1.1 har goma sha shida, na 1.2 yana sarrafa moton da ke juya dish, USALS kuma, wanda kamfanin Stab na Italiya ya ƙirƙiro, yana lissafa inda kowane tauraro yake idan ka ba shi lambobin garinku. Kusan duk risiba tana da'awar duka, amma a gwada 1.1 musamman, nan ne masu araha ke yawan rikicewa. Game da moto, a yankinmu ina ganin dish biyu ko uku a kafe sun fi shi kwanciyar hankali. Yawancin ƙananan motocin an ƙera su ne da tunanin Turai, a nan kuwa sai sandar moton ta kusa kwanciya kafin ta bi layin taurari, ga iskar farkon damina da ke ture saiti. Wanda ya nace sai moto, ya tabbata risibarsa tana iya ciyar da shi, don wutar da take turawa ta waya yawanci ba ta wuce 400 zuwa 500 mA ba, kuma da ita LNB da moton za su rayu. Babban dish na C kuwa, wato wani zangon mitoci dabam da Ku, hannun ƙarfe mai 36V yake buƙata da akwatinsa dabam.

Tun da an ambaci C, a sani cewa kowace risiba tana iya shi, saitin LNB kawai za ka mayar 5150 maimakon 9750 da 10600 na Ku. Ruwan sama ba ya damunsa kamar Ku, sai dai yana son dish mai mita 1.8 zuwa sama. Sabuwar matsalarsa 5G ce. Najeriya ta yi gwanjon mitar 3.5 GHz a Disamba 2021, mitar kuwa tana cikin filin da LNB na C ke saurare, wato 3.4 zuwa 4.2 GHz. Wanda ke kusa da turken 5G zai ga hoto yana kakkaryewa ba hadari ba iska. Maganin yana wajen LNB mai tacewa, sauya risiba ba zai yi komai ba.

Sai wuta da zafi, waɗanda su ne ke kashe risiba a ƙasarmu fiye da tsufa. Ka buɗe wadda ta mutu, ko wadda ke tsayawa a kan rubutun farko ta ƙi wucewa, ka duba ɓangaren da wayar wuta ta shiga. Sau da yawa za ka ga kafasita ɗaya ko biyu kansu ya kumbura, wani ma ya tsatso da abu ruwan ƙasa. Hawa da saukar wuta, da canji daga layin gwamnati zuwa janareta, da zafin watan Afrilu a ɗakin da ba fanka, su ne suka dafa su. Saboda wannan na fi son risiba mai adafta ta waje mai 12V. Idan wuta ta yi ɓarna, adaftar ce ke tafiya, ka sayi wata. Kuma mai sola yana iya ɗora ta kan batir ta hanyar abin daidaita wuta, ba sai ya kunna imbata ba. Ƙananan nan da ake maƙalawa a bayan talabijin suna da wannan fa'idar, amma jikinsu roba ce ba wurin shan iska, ga su manne da bayan talabijin mai zafi. Mai akwatin ƙarfe da ramukan iska ta fi daɗewa. A kuma kiyaye abu biyu: kada a ɗaura ko a kwance wayar dish risiba tana kunne, don silin waya ɗaya ya taɓa tsakiya ya isa ya ƙona sashen da ke ba LNB wuta, sannan idan ana tsawa a zare wayar gaba ɗaya. Wayar kanta a sayi mai kyau. Risiba tana tura 13V don tashoshin tsaye, 18V don na kwance. Idan waya ta yi tsawo kuma ba ta da kirki, 18 ɗin ba ya isa sama, sai tashoshin kwance su ɓace a bar na tsaye, mutum ya ɗauka akwatinsa ne ya lalace.

Idan aka dubi abin da ke kasuwa da wannan idon, masu arahar nan suna da ranarsu. Suna kunnuwa da sauri, ba sa cin wuta, wasunsu ma suna lalube da saurin da zai ba ka mamaki, kuma ba za ka ji ciwo ba idan ta faɗo daga kan rufi. Matsakaita, irin dangin Strong na baya-bayan nan da GTMedia da Starsat da Tiger, a cikinsu ne mafi yawanmu za su tsaya, kuma a nan ne ya kamata a bi lambar samfuri ɗaya bayan ɗaya, don suna ɗaya yana iya rufe akwatuna masu ƙwaƙwalwa dabam dabam. Sama da su akwai masu tsarin Linux da ake kira Enigma2, wanda ya samo asali daga akwatunan Dreambox na kamfanin Dream Multimedia na Jamus, yanzu kuma ake samunsa a Vu+ da Octagon da Edision da Zgemma. Fa'idarsu ita ce manhajar ba a hannun kamfani kaɗai take ba. Ƙungiyoyin sa kai irin su OpenATV da OpenPLi suna ci gaba da sabunta ta shekaru bayan an daina ƙera akwatin. Kana iya shirya jerin tashoshinka a kwamfuta, ka yi rikodin, ka tura tasha zuwa waya ko kwamfuta ta hanyar sadarwar gida, wanda shi ne mafitar 4:2:2. Amma suna da tsada, suna jinkirin tashi, ba kowane mai gyara ne ya san su ba, kuma ƙarfin lalubensu ya dogara da tiyunar da aka sa da manhajar da ke sarrafa ta. Akwai masu tsadar gaske a cikinsu da ƙaramar risiba za ta kayar da su a lalube. Can ƙarshe akwai katin tiyuna na kwamfuta, irin na kamfanin TBS, wanda da manhaja kamar CrazyScan ko EBSpro zai zana maka duk filin tauraron a allo, ka ga kowace sigina a tsaye kafin ma ka kama ta. Wannan na wanda ya yi nisa ne, kuma yana da wutar da zai bar kwamfuta a kunne.

Ra'ayina, wanda ya fara shiga harkar kada ya fara da Enigma2. Ya sayi matsakaiciya mai S2 da HEVC 10-bit da AC3, mai lalube na gaske, ragowar kuɗin ya zuba a dish mai santimita 90 ko mita 1.2 da waya mai kyau. Idan ya shekara yana yi bai gaji ba, zai san da kansa abin da ya rasa, a lokacin sai ya ƙara. Kuma ya raba risibar gida da ta gwaji. Mai sha'awa yana goge jeri, yana sauya saiti, yana juya dish, iyali kuwa suna so su danna lamba ɗaya su ga tafsiri ko shirin da suka saba. Akwati ɗaya ba ya ɗaukar buƙatun nan biyu ba tare da an samu saɓani ba. Masu haɗe da DVB-T2 kuma, wato tsarin kama tashoshin ƙasa ta eriya, kada a biya ƙarin kuɗi dominsu sai an tabbatar akwai tashoshin ƙasa na dijital da ke a buɗe a garin da ake.

Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi fice, kuma haɗarinsa yana fitowa ne ranar filashin, wato ranar zuba wa risiba sabuwar manhaja. Ka ɗauko manhajar asali ka zuba wa jabu, ko ka zuba ta wani samfurin mai kama da naka, akwatin ya mutu a tsaye. Wasu ana tashinsu ta kafar RS232 da kwamfuta, shi ya sa samun wannan kafar a bayan risiba abin so ne. Wasu sai an cire ƙwayar ajiyar an rubuta ta da na'ura. Kada a yi filashin don kawai an ji sabuwa ta fito, kuma kada a yi shi da wutar da ba a amince da ita ba.

Duk wannan ana iya gwada shi a shago cikin minti goma sha biyar, in dai akwai wayar dish a wurin, kuma yawancin manyan shaguna suna da ita. Ka zo da filas ɗinka ɗauke da gajerun bidiyo biyu, ɗaya HEVC 10-bit, ɗaya mai muryar AC3. Ka ce, "Alhaji, don Allah a jona mini ita in gani." Idan ya ce, "Haba Malam, sabuwa ce fil a kwali, ga akawun," ka ce ba akawun ka zo saye ba. Ka shiga shafin bayanin risibar ka karanta sunan ƙwaƙwalwa da ranar manhaja, ka gwada su da abin da ke kwali. Ka kunna bidiyon nan biyu. Sannan ka ƙirƙiri sabon tauraro a menu wanda babu mita ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ka sa lalube a kansa. Mai bin jeri a ɓoye ba za ta kawo komai ba, mai yi da gaske za ta fara zubo mitoci. Ka duba ko akwai masu gudu ƙasa da 3000 a cikin abin da ta samo, ka duba ko tana yarda ka rubuta mita da hannunka, ka taɓa saman akwatin ka ji zafinsa. Idan ta tsallake, kafin ka sauya komai a gida ka kwafe manhajarta da jerin tashoshinta a filas ta menu na USB, ka rubuta lambar samfurin a jikin fayil ɗin.